Matakala Tamanin da Huɗu

A Valparaiso gidaje kan hau dutse kamar awaki,
kowanne da launinsa.
Namu shuɗi ne, matakala tamanin da huɗu daga titi.
Ranar Talata na hau su da takarda a aljihu,
ban taɓa jin tsawonsu irin na ranar ba.

Ni ke jan ƙugiyar da ke sauke kaya a tashar jiragen ruwa,
nakan san nauyin ƙarfe tun bai bar ƙasa ba.
Amma ga layi ɗaya, ga lamba ɗaya,
ɗaya da ɗigo bakwai,
ban san ta inda zan ɗaga su ba.

Likita Oyarzun ta ce: Fermin, zauna.
Hapis ake ce mata, mai fesa ƙurajen ruwa a al'aura.
Jininka ya nuna alama, amma ƙasa-ƙasa,
irin wadda kan yi ƙarya wani lokaci.
Sai an sake da wani gwaji daban.
In kuma ƙurji ya fito, zo da ɗuminsa
a lakaci ruwansa tun bai bushe ba,
wannan shaida ba ta da kwana-kwana.
Kada ka yanke wa kanka hukunci, alƙali bai zauna ba.

Eloisa na kankare kifi lokacin da na faɗa.
Wuƙa ta tsaya.
Famfo ya ci gaba da zuba shi kaɗai.
Shekara shida, ta ce. Daga ina?
Na buɗe baki, na rufe.
Gaskiya nake da ita,
amma ba ta zo da shaidu ba.

Kwana goma sha ɗaya muka kwanta baya da baya.
Hazon teku ya shigo ta taga, ya kwanta tsakaninmu.
Na ƙirga matan da na sani kafin ita,
uku ne, ɗaya ma sunanta ya ɓace mini.
Ita me take ƙirgawa?
Ban tambaya ba.

A kwana na tara na ji ƙaiƙayi kamar tafiyar kiyashi,
da safe ƙuraje uku, ƙanana, masu ruwa.
Na sauka da gudu, ban sha ko kofi ba.

Takarda ta biyu ba ta yi inda-inda ba.
Wannan karon mu biyu muka zauna gaban likita,
Eloisa da tata takardar a hannu:
jininta fes, bayan shekara shida a gado ɗaya.
Likita ta ce: ƙwayar nan takan yi barci a jijiya
shekaru, ba ta ko tari.
Babu gwajin da zai faɗi ranar da ta shiga,
ko ƙofar da ta bi.
Kada ku nemi ɓarawo inda ba a ga sawu ba.

Eloisa ta ce: To ni fa?
Likita ta ce: takan iya tsallakawa ko fata na lafiya,
sai dai ta fi ƙarfi lokacin ƙuraje.
In ya ji ƙaiƙayi, ku dakata har ya warke sarai.
Kwaroron roba na rage haɗari,
ƙwayar magani kullum tana ƙara ragewa.
Raguwa na ce,
ban ce ƙarewa ba.

Muka hau matakala, ita a gaba.
A ta arba'in ta tsaya tana haki,
ta dubi jiragen da ke jiran layi a ƙasa.
Ta ce: in ka ji kiyashin nan, ka faɗa mini kafin likita.
Na ce to.

Yanzu kwalbar magani na kusa da gwangwanin kofi.
Wata safiya nakan manta,
sai in tarar da ƙwaya ɗaya a kan cokalina,
ita kuwa ta juya baya tana soya ƙwai
kamar ba ita ta ajiye ba.